Kafin Katafila Ta Tsallaka Iyaka: Yadda Kamfanin Hayar Injina Ke Zaɓar Ƙofar Shiga Kasuwar Waje

Duk mai ba da hayar injina a Gombe, tarakta ce ko katafila ko gireda ko motar haƙa burtsatse, ya san watannin da ƙarfe ke kwance a gareji yana cin kuɗi. Huɗa ta wuce, 'yan kwangila na jiran gwamnati ta saki kuɗi, afareta na karɓar albashi, banki kuma ba ruwansa da watan da aka yi aiki da wanda ba a yi ba. A irin wannan lokaci ake fara jin labarin Garwa da Damagaram da Njamena: wai can akwai aiki, wai da sefa ake biya, sefa kuwa ba ta tangaɗi irin na naira.

Labarin na da ƙamshin gaskiya. Tun 1999 aka ɗaure sefa da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, har yau bai gusa ba. Gombe kuma a tsakiyar Arewa maso Gabas take: ka bi Numan da Yola ka isa bakin Kamaru, ka bi Biu da Maiduguri ka fita ta Gamboru zuwa Kusiri da Chadi, ka ratsa Bauchi da Jigawa ka shiga Nijar ta Maigatari. Sai dai haya ba kamar sauran fatauci ba ce. Ɗan kasuwar Tudun Hatsi in ya loda wa baƙo masara ya karɓi kuɗinsa, shi ke nan, ko motar ta faɗa rami ba asararsa ba ce. Kai kuwa dukiyarka ce sukutum za ta zauna a hannun wani, a ƙasar da ba taka ba, wata shida ko shekara uku, kuɗin na dawowa kaɗan-kaɗan. Don haka tambayar da ke raba gardama ɗaya ce: ranar da mai haya ya daina biya, wa zai je ya ɗauko injin, da wace doka, cikin kwana nawa? Amsarta ce ke zaɓar maka ƙofa.

Mataki na 1: Tantance irin hayar da kake yi

Akwai hayar aiki: injin naka, gyara naka, galibi afareta ma naka, ana biya da awa ko kwana ko hekta, in aiki ya ƙare injin ya dawo gida. Akwai kuma hayar da ke ƙarewa da mallaka: ka sayi injin saboda wani, yana biya wata-wata har kuɗin ya fita da ribarsa, daga ƙarshe ya zama nasa. A gida, dokar hayar na'urori ta 2015 ce ke tafiyar da harkar, ita ta kafa hukumar da ake yi wa yarjejeniyar haya rajista.

Da ka tsallaka iyaka, wannan bambanci ya zama babba. A ƙasashen sefa, haya mai ƙarewa da mallaka bashi ce a idon doka, wanda zai mai da ita sana'a sai ya riƙe lasisi irin na cibiyoyin kuɗi. A Nijar da Benin hukumar sa ido kan bankuna ta yankin BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na Yamma, ce ke duba wannan, a Kamaru da Chadi kuma takwararta COBAC. Lasisin na son jari mai nauyi da dogon jira. Ke nan matsakaicin kamfani daga Gombe ba zai kama shago a Garwa ya fara raba taraktoci a biya shi wata-wata ba. Ko dai ya tsaya kan hayar aiki, ko ya raɓu da wanda ke da lasisi.

In ijara kake yi, wato haya bisa tsarin Musulunci, kamar yadda masu jari da yawa a nan suka fi natsuwa da ita tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, ka tuna nauyin mai kaya ya fi yawa. Manyan gyare-gyare da takaful, wato inshorar Musulunci, a wuyanka suke, in injin ya halaka kuɗin haya ya tsaya, tarar jinkirin biya kuma ba ta shiga aljihunka, sadaka ake yi da ita. Wanda ke ɗauke da wannan nauyin ba zai iya zama nesa da injinsa ba. Tun daga nan wasu ƙofofin sun fara rufewa.

Mataki na 2: Auna kanka kafin ka auna ƙasar mutane

A 1992 wasu masana biyu, Sanjeev Agarwal da Sridhar Ramaswami, sun bincika yadda kamfanonin hayar na'urori na Amurka ke yanke wannan shawara. Zaɓi huɗu suka sa a gaba: a ƙi shiga, a ba da haya daga gida, a yi haɗin gwiwa, ko a kafa kamfani na kai kaɗai. Abin da suka gani ba zai ba ɗan kasuwa mamaki ba. Manya da suka saba da ƙasashen waje sun fi son cin gashin kansu, ƙanana kuwa ko da kasuwar na da maiƙo sai su nemi abokin haɗin gwiwa ko su haƙura. Abu uku ke juya shawarar: abin da kamfani ke da shi, yanayin ƙasar, da kuma ko aikin zai yiwu a damƙa wa wani.

To, me kake da shi wanda mutanen can ba su da shi? In amsar ita ce injina kawai, ka sake tunani, don duk mai kuɗi na iya sayen injin. Abin da ba a saye a rana ɗaya shi ne makanikai da suka san cikin injin kamar tafin hannunsu, sito cike da kayan gyara, afaretocin da ba sa sayar da man gas a bayan idonka, da littafin shekaru da ke nuna wane irin abokin ciniki ne ke biya, wane ne ke ɓacewa bayan wata na uku. Kamfanin da ya yi shekaru yana aiki da masu jigilar dutse da gawayi tsakanin Maiganga da Ashaka, ko da manoman rani na Dadin Kowa da Balanga, ya tara irin wannan sanin. Amma rabinsa ne ke tsallaka iyaka. Sanin injin zai bi ka, sanin mutane ba zai bi ka ba.

Sai batun bashin da ke kanka. A farkon Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Wanda ke biyan dala 10,000 duk wata kan injinan da ya sayo, nauyinsa ya tashi daga naira miliyan 4.6 zuwa sama da miliyan 14, alhali kuɗin haya da naira yake karɓa. Ga irin wannan mutumin, samun sefa garkuwa ce, musamman in bashin na yuro ne. Wanda bashinsa na naira ne kuma ba ya cikin wannan matsi, bai kamata sefa ta ruɗe shi ya yi gaggawa ba.

Mataki na 3: Auna ƙasar, ka fara da batun ƙwato kaya

Mutane kan fara da girman kasuwa. Ni da ƙwato nake farawa, don kasuwar da ba za ka iya ɗauko kayanka daga cikinta ba kyauta ka je rabawa.

Nijar da Kamaru da Chadi da Benin duk suna cikin OHADA, tsarin dokar kasuwanci ɗaya da ƙasashe 17 suka amince da shi tun yarjejeniyar 1993, babbar kotunsa a Abijan. Najeriya ba ta ciki. Wannan na da daɗi ta wani gefen: in lauyanka ya fahimci dokar a Garwa, kusan ita zai tarar a Maraɗi. Akwai rajistar kasuwanci da ake kira RCCM inda ake shigar da yarjejeniyar haya mai ƙarewa da mallaka, don duniya ta san injin ba na wanda ke riƙe da shi ba ne. Akwai kuma gajeriyar hanya ta neman alƙali ya ba da umarnin a biya ko a mayar da kaya, ba sai an yi doguwar shari'a ba. Amma galibi da Faransanci ne, kuma hukuncin kotun Gombe ba ya aiki a can kai tsaye, sai kotunsu ta duba ta amince. Abin da ke kan takarda ke nan. Abin da ke faruwa a zahiri kuwa, sai ka zauna da wanda ya taɓa ƙwato mota ko injin a garin, ka tambaye shi wata nawa ya ɗauka, nawa ya kashe, kuma a wane hali ya sami kayan.

Kada ka ɗauka yarjejeniyar ƙasa da ƙasa na maganin komai. Rasha ta shiga yarjejeniyar Cape Town ta 2001, wadda aka yi musamman don mai jirgin sama ya iya ɗauko jirginsa. Duk da haka a 2022 jirage sama da 400 na kamfanonin haya na waje suka maƙale a can, fiye da 100 daga ciki na AerCap ne, kamfanin da ya fi kowa girma a harkar. Sai a Yunin 2025 wata kotu a Landan ta yanke cewa masu inshorar yaƙi ne za su biya. In haka ta sami masu lauyoyi ɗari, mai gireda biyu ya san inda ya tsaya.

Mu ma mun ga namu. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyakar Nijar, aka dakatar da hada-hadar kuɗi, ba a ɗage ba sai Fabrairun 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. Duk injin da ke Damagaram a Agustan 2023, mai shi ya yi watanni yana kallon hotonsa a waya. Tambayar da za ka yi wa kanka: in aka rufe iyaka wata bakwai, akwai wanda zai ci gaba da karɓar haya, ya yi sabis, ya ajiye kuɗin da sunanka?

Na biyu, fitar da kuɗi. Sefa iri biyu ce, ta Yamma da ta Tsakiya, darajarsu ɗaya amma ta Nijar ba ta ci a kasuwar Garwa. Yankin babban bankin BEAC, wato Kamaru da Chadi da maƙwabtansu, ya tsaurara dokar canji tun 2019, duk kuɗin da zai fita sai da takardun da ke nuna dalili. Kowa ya san 'yan canji na iya kawo maka kuɗin cikin yini guda. Don cefane babu laifi, amma kamfanin da ke son banki ya ba shi rance gobe, ko yana son nuna wa kotu cewa an biya wata biyar an ƙi biyan na shida, dole kuɗinsa ya bar sawu. Tun 2022 akwai tsarin biyan kuɗi na PAPSS na bankin Afreximbank da ke ba da damar biya da kuɗin gida tsakanin ƙasashen Afirka. Ka tambayi bankinka ko hanyar da kake so tana aiki a kai.

Na uku, kayan gyara. Manyan masu ƙera injina sun raba Afirka tsakanin diloli. Caterpillar a Najeriya Mantrac ne, a Kamaru da Chadi Tractafric, a Nijar kuma Neemba. Garantin da aka ba ka a nan, ka nemi a rubuta maka ko yana aiki a can. In ƙirar taraktarka ba ta yawo a yankin, famfon mai ɗaya zai kwantar da ita mako biyu a tsakiyar damina.

Sai a ƙarshe ka dubi kasuwar kanta. Arewacin Kamaru na da audugar SODECOTON a kewayen Garwa da shinkafar SEMRY a Yagwa. Damagaram na da matatar mai tun 2011. Ga kuma wani abin lura ga masu tarakta: ruwa kan riga sauka a Kaltungo da Billiri kafin ya kai Maraɗi da Damagaram, saboda haka injin da ya gama huɗa a kudancin Gombe na iya samun damina ta biyu a arewa. Hanyar Geidam zuwa Diffa ta fi kusa a taswira, amma matsalar tsaro ta sa taswira ba ita ce mai hukunci ba.

Mataki na 4: Ƙofofin da ake shiga ta cikinsu

*Bin abokin ciniki.* Ɗan kwangilar da ka daɗe kana ba haya a Bauchi ko Gombe ya sami aikin hanya a Kamaru, ya ce ka biyo shi da gireda da rola. Wannan ita ce ƙofa mafi sauƙi, kuma manyan kamfanoni da yawa ta nan suka fara. Yarjejeniya a gida aka yi ta, da dokar gida, mutumin na da gida da kadara a inda kotunka ke iya kaiwa. Injin ne kaɗai ya yi tafiya. Aibinta shi ne aikin na ƙarewa kasuwar ta ƙare, sai in ka yi amfani da watannin wajen buɗe ido da kunne.

*Haya daga gida ga baƙo.* Kana Gombe, mai haya na Marwa, ba ka da kowa a can. A ganina wannan ce mafi haɗari duk da ita ta fi arha, kuma ita ce aka fi faɗawa saboda zumunci. Za ka ji an ce, "Haba Alhaji, ai mu 'yan'uwa ne, yare ɗaya addini ɗaya, sai an rubuta?" Yare ɗaya ne, amma alƙali ba ɗaya ba ne. In za ka yi, to da afaretanka, da na'urar bibiya a jikin injin, da kafin alƙalami mai kauri, da bankin da ya tsaya masa a rubuce.

*Wakili.* Ka sami ɗan gari ya nemo masu haya, ya karɓi kuɗi, ya ɗauki kamasho. Hello Tractor, da aka fara a Najeriya a 2014 kafin ya bazu zuwa Kenya da wasu ƙasashe, a kan irin wannan ya ginu: wakilai na tara manoman da ke son huɗa, na'ura a jikin tarakta na nuna inda take da aikin da ta yi. Inda ake samun matsala shi ne yadda ake biyan wakili. In kamashonsa na fita ranar da aka sa hannu, zai kawo maka kowa da kowa. Ka ɗaure kamashon da kuɗin da ya shigo, wata bayan wata.

*Raɓuwa da mai ƙera injin ko dilansa.* Dila na son sayarwa, mai saye ba shi da kuɗi a dunƙule, kai ka cike giɓin. Haka AGCO, mai Massey Ferguson, ya haɗa kai da Rabobank na Holan suka kafa kamfanin ba da kuɗin sayen injinansa a ƙasashe da dama. Daɗin wannan ƙofa, dila na da makanikai, ya san inda kowane injin yake, in an ƙwato kuma shi zai sake sayarwa. Ka nemi ya rubuta cewa zai saye injin da aka ƙwato a kan farashin da kuka yanka tun farko.

*Haɗin gwiwa.* Ku kafa sabon kamfani kai da ɗan ƙasa, ko da cibiyar kuɗi mai lasisi. ORIX na Japan, wanda aka kafa a 1964, ya fara fita waje da Hong Kong a 1971, daga nan ya riƙa shiga ƙasashe yana haɗa jari da 'yan gida, kamar yadda ya yi a Pakistan a 1986. Shi ya kawo sanin sana'a, su suka kawo sanin mutane da hukuma. Ga kamfani irin namu, wannan ce ƙofar da ke amsa tambayar ƙwato, don akwai wanda asararka asararsa ce, kuma yana kwana a garin.

Sai dai nan ne aka fi ɓatawa, kuma ba kason hannun jari ke kawo rigimar ba. Mutum na iya riƙe kashi 60 amma bai san abin da ke asusu ba. Abin da za ka riƙe da haƙori uku ne: wa ke amincewa a ba wane haya, wa ke sa hannu a fitar da kuɗi, da sunan wa ke kan takardun injin. Da yawa sukan bar injinan da sunan uwar kamfani, su ba kamfanin haɗin gwiwar haya, shi kuma ya ba jama'a. Ko an raba gari, ƙarfen naka ne. Game da zaɓen abokin tafiya kuwa, mai faɗa a ji saboda kusancinsa da masu mulki na da amfani har ranar da mulki ya sauya hannu. Mai gareji da sito da sunan da ya gina a kasuwa ya fi daɗewa.

*Sayen kamfanin da ke can.* Hanyar masu kuɗi ke nan. Kamfanin hayar injina Ashtead na Ingila ya sayi Sunbelt na Amurka a 1990, har abin da aka saya ya fi mai sayen girma. Loxam na Faransa ya sayi Ramirent a 2019 ya shiga arewacin Turai a dare ɗaya. A gida ma C&I Leasing ta hannun Leasafric ya zauna a Ghana. Kana samun lasisi da ma'aikata da abokan ciniki lokaci ɗaya, haɗe da duk ruɓaɓɓen bashin da ba a gaya maka ba. Kada ka yarda da lissafin takarda, ka aika makanikinka ya ga kowane injin da idonsa, ya duba lambar jikinsa da awannin da ya yi.

*Kamfani naka kai kaɗai.* Iko duka naka, riba duka taka, asara ma haka. A dokar OHADA, reshen kamfanin da ya fito daga wajen yankin ba ya wuce shekara 2 sai an mai da shi kamfanin ƙasar, in ba minista ya ɗaga ƙafa ba. Babban kamfani mai hannun jari kuma mafi ƙarancin jarinsa sefa miliyan 10 ne, ban da abin da lasisin kuɗi zai nema, wanda ya ninka haka nesa ba kusa ba.

Mataki na 5: Haɗa awon biyu

In kasuwar na da kyau, ƙwato na yiwuwa, kana da jari da mutanen da suka taɓa aiki a waje, saye ko kafa naka ya halatta. In kasuwar na da kyau amma kai ƙarami ne, haɗin gwiwa ko raɓuwa da dila. In siyasar ƙasar na rawa, kada ka binne kuɗi a gini da ofis: gajeriyar hayar aiki, da afaretanka, kusa da iyaka, yadda tirela za ta iya ɗauko injin cikin kwana biyu. In kuwa abin da ka fi kowa da shi sirrin aiki ne da abokin tafiya zai koya cikin shekara ɗaya ya sallame ka, to ko ka riƙe iko sosai ko ka zauna gida. Zama gida ma zaɓi ne, ga aikin man fetur na Kolmani a tsakanin Bauchi da Gombe, ga sauran jihohin yankin da ba su ƙoshi da injina ba.

Ga yawancin kamfanonin da ke Gombe da Bauchi, jerin da na fi yarda da shi shi ne a bi abokin ciniki tukuna, a yi damina ɗaya ko biyu ana kallo, sannan a zaɓi abokin haɗin gwiwa daga cikin waɗanda aka ga halinsu a lokacin.

Mataki na 6: Takardu

Kwastan farko. Ka nemi izinin fitar da injin na wucin gadi daga kwastan ɗin Najeriya, da lambar inji da ta shasi a rubuce, in ba haka ba ranar dawowa za a caje ka kamar sabon kaya ka shigo da shi. A can ma shigar wucin gadi za ka nema, galibi da ajiyar kuɗi ko lamunin banki, kuma tana da wa'adi. Kada ka dogara da rangwamen ECOWAS: na kayan da aka ƙera a yankin ne, taraktar Indiya ko Brazil ba ta ciki, Kamaru da Chadi kuma dama ba 'yan ƙungiyar ba ne.

Haraji. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 ne, a Nijar 19, a Kamaru 19.25. Wanda ya yanka farashi da lissafin gida ya cinye ribarsa tun kafin a tayar da injin. Ana kuma cire haraji daga kuɗin hayar da za a tura waje, in injinka da mutanenka suka daɗe a wuri ɗaya hukumar haraji na iya ɗaukarka mazaunin ƙasar. Yarjejeniya ta faɗi ƙarara wa zai ɗauki kowanne.

Inshora. Ƙasashen sefa na bin dokar inshora ta bai ɗaya da ake kira CIMA, wadda ke son kayan da ke cikin ƙasa a yi musu inshora da kamfanin da ke da lasisi a ƙasar. Motocin da ke hawa titi na buƙatar katin ruwan ƙasa na ECOWAS a yamma, katin ruwan hoda a yankin Kamaru da Chadi. Inshorar yau da kullum ba ta biyan asarar yaƙi ko tarzoma ko ƙwacen hukuma, wannan daban ake saye, a wurin irin su hukumar inshorar ciniki ta Afirka, ATIDI, ko MIGA ta Bankin Duniya. NEXIM ma, bankin shigo da kaya da fitarwa na Najeriya da aka kafa a 1991, na da tsarin lamuni ga masu fitar da kaya da ayyuka.

Ita kanta yarjejeniyar a yi ta da Turanci da Faransanci, a faɗi wanda za a bi in sun saɓa. A rubuta yankin da injin ba zai fita daga cikinsa ba, da haramcin ba wani haya a kan haya, da ikon kashe injin daga nesa in an yi jinkiri kwana kaza. Sasanci ta hannun masu sulhu na kasuwanci ya fi kotu sauƙin tsallaka iyaka, don Najeriya da Nijar da Kamaru duk sun shiga yarjejeniyar New York ta 1958 da ke sa a zartar da irin wannan hukunci.

Mataki na 7: Gwaji, da hanyar fita

Ka fara da abin da in ya salwanta kamfanin ba zai durƙushe ba, injin biyu ko uku, ba sababbi fil ba, ba kuma tsofaffin da za su kunyata ka ba. Tun kafin su tashi ka rubuta ma'aunin da za ka yi hukunci da shi: awa nawa suka yi aiki a wata, kashi nawa na haya ya shigo a kan lokaci, kwana nawa kuɗi ke ɗauka daga hannun mai haya zuwa asusunka na Gombe, kwana nawa injin ya kwanta jiran kayan gyara. Ka sa mutum ɗaya daga gida ya zauna can, wanda ke jin Faransanci ko Fulatanci gwargwadon garin, kuma ba shi ne mai karɓar kuɗi ba.

A takardar haɗin gwiwa a rubuta yadda za a rabu tun ana dariya: wa ke da haƙƙin fara sayen kason wani, wa zai yi wa kaya kuɗi, wata nawa za a ba juna. Ka kuma yanke tun yanzu ko injinan gida za su dawo ko can za a sayar da su. In can ne, ka sa kuɗin kwastan a lissafi, don injin da ya shiga da izinin wucin gadi ba ya sayuwa sai an biya masa cikakken kuɗin shiga, kuma mai saye zai cire wannan daga farashin da zai taya.